Muryar Inna a ɗakin karatu

Shekara biyu bayan na dawo daga Makka, a damina ɗaya da auren jikata ta fari, aka yi abin da ba zai fita daga raina ba sai ranar da aka rufe ni.

Ni 'yar Zangon Sokode ce, aure ya kawo ni Dapaong. A zamaninmu wanda bai iya rubutu ba kaset yake aikawa. Inna takan zauna gaban rediyo ta yi maganarta, ta ba direba ya kawo mini. Kaset-kaset ɗin duk sun salwanta, ɗaya ya rage a ƙasan akwati, ita kuwa Inna ta daɗe da rasuwa. Sai na lura na fara manta yadda muryarta take. Fuskarta tana nan, muryar ce ke guduwa.

Na zaga masu gyaran waya a kasuwa. Wani yaro ya juya kaset ɗin ya ce, "Hajiya, wannan ai ya girmi babana." Na ce, "Ya kuma fi babanka daraja." Na karɓi abina.

Maƙwabciyata ce ta ce in gwada ɗakin karatu na gari, wanda 'yan makaranta ke kira bibiliyotek. Ban so ba. Ni da ban san baƙi ko ɗaya ba, me zan je yi cikin littattafai? Amma na ɗaura zanena mai kyau na hau babur.

Matar da ke kula da wurin 'yar ƙabilar Moba ce, Hausarta ta kasuwa. Ta miƙe ta ba ni kujera, ta ce, "Mama, ka zauna, me ya kawo ka?" Ba ta tambaye ni ko na iya karatu ba. Ta duba kaset ɗin, ta shiga ciki ta fito da tsohuwar rediyo da suke koyar da harsuna da ita a da. Ta share ta, ta sa biro ta ɗaure zaren kaset ɗin a hankali. Ta gaya mini gaskiya, zaren ya ruɓe, wataƙila sau ɗaya zai yi magana. Don haka ta haɗa rediyon da kwamfuta, ta sa mini abin ji a kunne.

Sai ga Inna. Ta yi sallama, ta ce, "Kin kwana lafiya? Ina maigidan?" Ta kuma yi shiru, don haka take yi, tana barin wurin amsa. To, uwa ta gaishe ki, ki yi shiru? Na amsa da ƙarfi, "Lafiya lau, Inna, ya rasu shi ma." Ashe da abin nan a kunne mutum ba ya jin ƙarar kansa. Ɗalibai duk suka juyo. Wani mai tabarau ya buga tebur ya ce nan ba kasuwa ba ce.

Matar ta je wurinsa ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Uwarta ke gaishe ta. Ka yi haƙuri kaɗan." Ya sunkuyar da kai.

Inna ta yi mini faɗa kan yawan gishiri a miya, ta ce in aiko da daddawa, ƙannena suka karɓa ɗaya bayan ɗaya suna gaisuwa. Tana cikin yi mini addu'a zaren ya tsinke. Matar ta yi ƙoƙarin haɗa shi, bai yiwu ba. Amma abin da ya fito ya shiga kwamfuta, ta zuba mini shi a waya, ta koya mini inda zan danna har hannuna ya saba.

Yara na cewa yanzu komai yana cikin waya, ɗakin karatu ya zama na tsofaffi. Ni na san muryar Inna ba ta shiga wayata da kanta ba, sai da aka samu mai haƙurin zama da tsohuwa.

Cikin waɗanda suka yi magana a kaset ɗin, autanmu kaɗai ya rage, yana Sokode, kunnensa ya yi nauyi. Sai ni da nake amsa musu gaisuwa kowace safiya.