Tudun Baba ba ya cikin takardar mushe

Yau da safe na tarar da ƙanwata Falmata tana bitar jarrabawar Ingilishi ta baka daga takardar da mushe, wato malaminsu, ya rubuta musu. Baba, da ya zo daga Bune, yana saurare yana murmushi.

Ya ce, "Uwata, me kike cewa haka?"

Ta ce, "Wai tsofaffi ba su iya salula ba."

Murmushin ya ɗauke. "Ki ƙara musu da cewa akwai tsohon da ke hawa tudun yashi kullum neman rezo, wato sabis ɗin waya, don ya ji muryarki."

"Baba, mushe bai rubuta wannan ba. In na faɗa, faɗuwa zan yi."

"To, bar shi. Ki ci."

Ni ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, ku gaya mini, haka ake cin jarrabawa? Inna da Kawu Bukar suna zaune, sun ji.