Barmo Mai Aurar da Ƙarya

Ranar da saƙo ya same ni cewa taubashina Barmo zai ɗaura aure da hantsi, sai da na sa aka goge mini babbar riga. Na ƙi karya kumallo don in bar wa shinkafa wuri. Na shiga mota daga Ƙonni zuwa Galmi, ina ta lissafin wace marar rabo ce ta yarda da tsoho mai haƙori bakwai. Na iso na tarar ba tabarma, ba liman, ba hayaƙi. Ga ango can bayan gida tsugune cikin singileti, ya ɗora tabarau biyu a hanci.

"Ina amarya?" na ce.

"Rage murya, Zakariya'u," in ji shi. "Ga ta nan cikin rabin jarka."

Amaryar dai itaciya ce. Angon ma haka.

Barmo ya yi shekara talatin yana fidda irin albasa. A lokacinsa, duk manomin da ke son albasa mai launi ɗaya, wadda ba ta ruɓewa a rudu, wato rumbun ajiyarta, wurinsa yake zuwa. Aikin nan kuwa tsaro ne kawai: kada kudan zuma ya ɗauko garin furen wata albasa ya gauraya masa iri. Ya sha yin faɗa da maƙwabcin gona a kan haka. Da gwiwa ta gaza ya bar wa 'ya'yansa garka, sai mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana hana gauraye ya koma gauraya da hannunsa.

Itaciyar da ta ɗauke masa hankali sunanta ƙariya, amma a bakin mutane ƙarya ce. Gajera ce mai ƙaton gindi kamar tulu. Tana fure da rani, sa'ad da ko ganye ba ta da shi, fure mai ruwan hoda. Ba a miya da ita, ba ta da inuwa, ƙaronta dafi ne, akuya ma sunsunawa take ta wuce. Ta farko ya tono ta ne a wani tudu wajen Tajaye. Daga baya ya ji labarin akwai mai farin fure wurin masu sayar da shuke-shuke a Sakkwato. Ya je ya sayo, ya rungumo ta a kan kabu-kabu. A bakin iyaka wani ma'aikaci ya tambaye shi me ya ɗauko. Barmo ya ce, "Ƙarya." Sai da suka yi rabin awa kafin kowa ya gane ba zagi ba ne.

Burinsa ɗaya: ya haɗa farar da ta daji, ya sami farin fure mai jan baki, mai jure zafin garinmu. Yadda ake auren kuwa, sai an tsaga furen da reza, a lakato gari daga namijin a kai cikin macen da abu mai siriri. Ya gwada tsinke, ya yi kauri. Ya gwada gashin wutsiyar jaki, jakin bai ba da haɗin kai ba. Ƙarshe ya gano babu kamar gashin gemunsa, fari, mai ƙarfi, kuma kullum yana kusa. Shi ya sa har yau gemun Barmo ya fi cika ta dama.

Auren da na halarta da yunwa ya karɓu. Kwanso ya fito biyu kamar ƙahon akuya. Barmo ya naɗe shi da zare, don idan ya fashe 'ya'yan tashi suke kamar na tumfafiya. Ya shuka, arba'in suka tsiro. Ya jera su cikin gwangwanaye da tsofaffin kwanoni har suka cinye bayan gida kaf.

Nan matarsa Raihanatu ta shigo zancen. Da can wurin nan na yakuwarta ne da zogale.

"Malam," ta ce, "shekara ukku ina sayen ganyen miya, ga hili ga rijiya cikin gidana. Mata na tambayata mi mijinki ka yi, in ce shina shuka ƙarya?"

"Ki ce shina bincike."

"To ga nawa binciken. In ɗiyan nan sunka yi hure iri guda da na daji, wanda kowa ka gani kyauta bisa tudu, zan kwashe su in maida yakuwata. Ka yarda?"

Barmo ya yarda, don a lokacin yana da arba'in a hannu.

Rani na uku suka fara buɗewa. Ta farko ruwan hoda, sak ubanta. Ta biyu haka. Ta goma haka. Raihanatu kuwa, duk wadda ta buɗe, sai ta ɗauke ta ta kai gindin katanga, ta dawo ta share gurbin. Da aka kai ashirin ta jiƙa irin yakuwa a gabansa. Da aka kai talatin da biyar Barmo ya daina zuwa majalisa, don da ya doso ake tambayarsa lafiyar jikoki. Aka wayi gari saura ɗaya, wata 'yar ƙanƙanuwa cikin tsohuwar butar shayi, mai toho ɗaya tak da ya ƙi buɗe baki. Kwana shida yana gadinta da mafici, yana korar ƙuda. Ya ce mini ko lokacin da ake haihuwar ɗansa na fari bai yi zufa haka ba.

Sai ga saƙo: in zo suna.

Wannan karon na yi wayo. Na ɗura tuwo har wuya, na sa tsohuwar riga, na tafi. Ina shiga na ga tabarmi, ga dattawa cikin manyan kaya, ga ƙamshin zabi yana tashi. A tsakiya, kan turmi, ga butar shayi da fure ɗaya, fari fat, bakinsa ja kamar an zana da lalle. Barmo ya raɗa masa suna Raihanatu. Mai sunan da kanta ta soya zabin, kuma ta ba da sanarwar cewa yakuwa na iya jira, amma talatin da taran can su nemi gidan miji. Kowane baƙo ya tashi da gwangwani.

Ina zaune ina kallon nama ba wurin sa shi, haushi ya kama ni.

"Barmo," na ce, "tsakani da Allah, abin ga ba a ci nai, ba a sha nai, ba ya inuwa. Don mi mutum zai ɓata ruwa gare shi?"

Ya sauke tabarau ɗaya ya dube ni da ɗayan.

"Kai ma ba a cin ka, ba a shan ka, inuwarka ko kaza ba ta isa. Ga matarka Ummul Khairi nan shekara ashirin tana ba ka ruwa, kuma har yau ba ka yi hure ba."