Inna Mai Kwalabe da Shafin da Ta Ƙi Yagewa

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar masana'antarmu da safe, Inna Mai Kwalabe ta riga ta iso. Ba ta tsayawa gaisuwa sai ta zagaya sito tukuna. Takan shafa bango ta ji ko akwai laima, ta leƙa ƙarƙashin katakon da ake jera buhuna ko ɓera ya bar shaida, sannan ta ja kujerarta ta roba zuwa bakin sikeli. Sana'armu riɗi ce. Muna saye daga manoma, mu tankaɗe, mu fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi, mu zuba a buhu. Duk motar da ta sauke kaya sai Inna ta ɗebi cikin tafin hannu ta zuba a kwalba. Idan an gyara an ɗinke buhu, ta soka bututun ɗiba ta cika wata kwalbar. Kowace ta manna mata takarda mai ɗauke da rana, da ƙauyen da kayan ya fito, da lambar kashi, don kayan kowace mota kashi guda ne. Daga nan ta buɗe littafinta mai baƙin bango ta rubuta sauran abin da idonta ya gani. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aikin.

Mun sha yi mata dariya, ba zan ɓoye ba. Direbobi kan leƙa ɗakinta su ga kantoci cike da kwalabe har rufi su ce, "Inna, wai yaushe za a buɗe kemis ɗin ne?" Ta ce, "Ranar da ka kamu da ciwon." Ni kaina sau biyu ina neman a kwashe kwalaben nan a ba ni ɗakin na yi ofis. Ni ne ƙanin mai kamfanin, Auta ake kirana, kuma ni ke sayen kayan aiki: buhu, zare, man inji. Ku riƙe maganar buhun nan, don a kanta komai ya kusa rushewa.

Wanda bai taɓa neman shigar da abinci wata ƙasa ba ba zai gane wahalar ba. Shekara biyu cur Yaya ya yi yana bin wani kamfanin gasa burodi na ƙetare kafin su yarda su gwada kayanmu. Yardarsu kuma ba ita ce ƙarshe ba. Hukumar kula da abinci ta ƙasar can tana da jerin kamfanonin da ta amince su shigo da kaya, kuma in babu sunanka a jerin nan, ko riɗinka na zinariya ne a bakin ruwa zai tsaya. Mun cika takardu har yatsunmu suka yi kanta. Su tambayi ruwan da muke wanke hannu da shi, su tambayi fentin bango. An dawo mana da takarda ɗaya sau uku saboda hatimi ya hau kan kwanan wata. Ranar da sunanmu ya fito, Yaya ya shiga ofis ya rufe ƙofa, da ya fito idonsa ya yi ja. Daga ma'aikata goma sha biyu muka koma sittin da ɗaya, yawancinsu mata masu tsince.

Kwantena shida suka wuce lafiya. A kan ta bakwai ne saƙo ya shigo wata Talata da hantsi. An tsare kayanmu a tashar jirgin ruwansu. Gwaji ya nuna maganin ƙwari fiye da ƙima. An ba mu kwana goma sha huɗu mu bayyana yadda aka yi da kuma abin da za mu gyara, in ba haka ba a soke sunanmu daga jerin. Yaya ya karanta sau uku, ya miƙo mini wayar. Ta taga ina hango matan nan a layi suna tsince suna hira, ba su san komai ba.

Abin da muka fara yi shi ne abin da muka saba. Yaya ya ce a nemo masa biza, zai je da kansa ya ba su haƙuri. Har ya aiki direba ya sayo jakar fata da turare na tsaraba. Ya yini yana buga waya yana neman wanda ya san wani wanda ya san wani a hukumar. A wajenmu haka ake kashe wuta: ka je da ƙafarka, ka zauna, ka sunkuyar da kai, a duba girmanka. Sai matar da ke kula da odarmu a kamfanin burodin ta kira ta ce, "Don Allah kada ka zo. Babu ofishin da za ka shiga, babu wanda zai gan ka. Tsarabar nan kuwa in ta isa hannunsu, ta fi maganin ƙwarin illa. So suke su san daga ina abin ya shiga, da hujja." Ejan ɗin da ke fitar mana da kaya kuma ya ce mu rubuta cewa injin gwajinsu ne ya yi kuskure. Kwana huɗu muka ƙona a wannan kai-komon. Yaya ya daina cin abincin rana.

Rana ta biyar Inna ta shigo ofis ba a kira ta ba, ɗauke da kwali. Ta ajiye a kan teburin Yaya ta ce, "Kashi tara ne a cikin kwantenar nan. Ga kwalba goma sha takwas, tara kafin buhu, tara bayan buhu. A kai ɗakin gwaji. In daga gona ne za mu sani, in daga gidan nan ne za mu sani." Yaya ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Da kansa ya ɗauki kwalin ya sa a mota.

Kwana huɗu muka jira sakamako, kwanakin da ba na fatan maimaitawa. Da ya fito, duk kwalaben kafin buhu tas suke. Manoma ba su da laifi. A cikin na bayan buhu, biyu ne suka nuna magani, kashi na bakwai da na takwas. Ina jin an faɗi lambobin na tuna ranar.

Ga abin da ya faru. Ranar da ake cika waɗannan kashin biyu sababbin buhuna suka ƙare, mai kawo mana ya ce sai bayan kwana uku, mota kuma na jira a ƙofa. Na ruga kasuwa na sayo buhuna sittin na hannu, masu kyau, farare, aka kakkaɓe aka juya cikinsu. Kowa a kasuwa haka yake yi, tun ina yaro haka na ga ana yi. Ban tambayi me suka taɓa ɗauka ba. Ashe wake ne aka adana a ciki, da hodar kashe ƙwari.

Ban jira Yaya ya haɗa lissafin ba. Na wuce ɗakin kwalabe na tarar da ita littafin na buɗe a cinyarta. Ga shi nan da rubutunta manya-manya: tsohon buhu sittin, Auta ya kawo.

Na rufe ƙofa na ce, "Inna, ki taimake ni. Shafi ɗaya ne. A cire shi, mu ce mai kawo buhu ne ya haɗa mana da gurɓatattu."

Ta ce, "Mutumin da ko zuwa bai yi ba a makon?"

"Wa zai sani? Suna can bayan teku!"

"Auta, shafukan nan ni na sa musu lamba da hannuna. Daga arba'in da ɗaya a tsallaka arba'in da uku, ka ɗauka ba sa ƙirga? In suka kama ƙarya ɗaya, duk kwalaben nan sun zama shara. Da me za mu kare matan can?"

Raina ya ɓaci. Na ce mata abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce ta tuna a kamfanin gidanmu take cin abinci. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zaro biro daga kallabinta, ta duƙa ta yi rubutu a ƙarƙashin layin, ta juyo mini da littafin. Ta ƙara da cewa: na gani, na yi shiru, na bari aka zuba. Ta sa hannu.

Ta ce, "Ranar nan ya kamata in tsaya a gaban injin in ce ba za a zuba ba. Na duba fuskarka na ga ka gaji, na ƙyale. Laifin namu ne mu biyu. Tashi mu je wajen yayanka, kafin ya ji a bakin wani."

Na fita na buga ƙofar har kwalabe suka yi ƙara. Amma na bi ta, don ba ni da inda zan nufa.

Yaya bai zage ni ba, da ma ya zaga da na fi samun sauƙi. Ya dai dafe kai ya ce, "In muka aika musu wannan, mun miƙa musu wuƙa da hannunmu." Inna ta ce, "Sun riga sun san akwai magani. Abin da ba su sani ba shi ne ko mu mun san gidanmu." A rana ta goma sha biyu muka tura komai: sakamakon gwaji, hoton shafin nan da sunana da nata, da alkawarin cewa tsohon buhu ba zai sake shiga harabarmu ba, kuma in sababbi suka ƙare inji zai tsaya ko mota nawa ke jira.

Sai shiru. Mako uku babu amsa. Labari ya riga ya bazu a cikin ma'aikata. Wata daga cikin masu tsince, mai 'ya'ya huɗu da miji a kwance, ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Ƙaramin Oga, mu fara neman wani wurin ne?" Inna kuwa kullum tana bakin sikeli tana cika kwalabe na kayan da ba mu san ko za su taɓa fita ba. Sau ɗaya na ga ta zuba riɗi ya zube gefen kwalba, a nan na gane ita ma tsoron take ji.

Da amsar ta zo, ba mu yi guɗa ba. Za a lalata kwantenar gaba ɗaya. An dakatar da mu har sai sufetonsu ya zo ya gani da idonsa. Ya zo bayan wata biyu, wani dogo marar fara'a, ko ruwan da muka ajiye masa bai taɓa ba. Ofishin da muka yi wa sabon fenti minti biyar ya yi a ciki. A ɗakin kwalabe ya shafe awa uku. Ya zaɓi kwalba da ka, ya ce a nuna masa shafinta, Inna ta buɗe. Ya sake zaɓa, ta sake buɗewa. Sau goma sha ɗaya, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Aka mayar da sunanmu cikin jerin, da sharaɗin cewa in aka sake samun matsala cikin shekara biyu, sokewa ce ba sauran magana.

Inna, ke ce kika san gidanmu lokacin da mu masu gidan muke neman ƙofar wasu. Ba ki taɓa hawa jirgi ba, ba kya jin yarensu, amma ke kaɗai a cikinmu kika gane abin da suke tambaya. Uwar sito, mai ido a kan buhu. Mutum sittin da ɗaya suna karɓar albashi yau saboda kin iya kallon ɗan gidan da kike aiki ki ce masa a'a.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu shi ne, ƙarshen watan nan Inna za ta ajiye aiki. Idonta ya yi rauni, likita ya ce ta daina ƙura wa ƙananan rubutu ido. Sharaɗin nan kuwa saura wata bakwai ya cika. Tun da na ji nake kwana da fargaba na tashi da ita. Yaya ya tambaye ta wa za a ba littafin, yana tsammanin za ta ambaci ɗaya daga cikin masu takardar makaranta. Ta nuna ni da haɓa.

Na ce, "Ni? Inna, kin manta abin da na roƙe ki?"

Ta ce, "Don ban manta ba ne. Sauran ba su taɓa jin abin da ka ji ba. Kai ko a mafarki ka ga tsohon buhu sai ka farka."

Ku masu ƙananan kamfanoni da ke mafarkin ganin kayanku a ƙetare, ku duba cikin ma'aikatanku. Akwai wani ko wata da ke ɓata muku lokaci da rubuce-rubuce, mai taurin kai, wanda kuke wa dariya. Kada ku ƙwace masa ɗaki. Ku ba shi ikon tsayar da inji, ko ɗan mai gida ne ya ce a kunna. Ku kuma masu irin aikinta, ku rubuta abin da kuka gani a ranar da kuka gan shi, har da naku.

Allah Ya ba ki lafiyar ido, Inna, Ya sa ki huta cikin jikokinki. Wata goma sha tara ke nan muna gaisawa kullum kamar ba abin da ya faru, ban taɓa iya buɗe baki na ba ki haƙuri a kan maganar da na faɗa miki a ɗakin nan ba. To ga shi na faɗa a gaban jama'a. Ki yafe mini. Kuma na gode da kika ƙi.