Tarwadar Yayana

Yayana ya zama masanin kifi cikin mako guda, a waya ya yi karatun. Ya kafa tankin tamfol a bayan ɗakin Inna, ya zuba tarwada. Ran nan famfo ya ɗauke, sai ya ɗebo ruwan rijiya da jarkar da yake haɗa maganin feshin masara. "Ai na ɗauraye ta har sau biyu," in ji shi.

Da safe duk kifin sun taso, ciki sama. Masani ya leƙa ya ce zafi ne, kuma kifi ba ya mushe. A gidanmu ko dusa ba a zubarwa, sai Inna ta ɗora miya. Ni da hannuna na cire ƙaya na ba 'yata mai shekara biyu.

Kafin la'asar tana amai, idonta ya juye. A babur muka kai ta asibiti a Funtua, ina ta kiran sunanta. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma har yau in ta yi tari sai na ruga na duba ta.

Jiya ya ce, "Ƙanwata, zomo zan gwada."

Na ce, "Allah ya taimaka, Yaya. Mu mun ƙoshi."