Shafi na Tamanin da Bakwai

Tun yana sakandare aka laƙaba masa suna Rakoda, don abin da malami ya faɗa da safe, da yamma zai maido maka da shi har da tarin da malamin ya yi a tsakiya. Da wannan kan nasa ya yi ta cinye jarrabawa, har ya samu gurbin karatu a ƙasar waje, fannin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ɗan mai haƙar rijiya ne, shi ya sa kowa ya ce abin ya dace da shi.

Birnin da ya sauka sanyi ne da shi kamar cikin firji. Ɗakinsu yana hawa na biyar, gado biyu, tebur ɗaya, da taga mai kallon bangon wani gini. Jirgin ƙasa na bakwai da kwata yake bi kullum, a tsaye, yana bita. Ya yini tsakanin aji da laburare, da yamma ya yi awa uku yana wanke faranti a ɗakin cin abincin ɗalibai. Bai taɓa ƙorafi ba, ya ce ba hutu ya kawo shi ba.

Farfesarsu wata 'yar tsohuwa ce mai zuwa aiki a keke, ita ta rubuta littafin da suke karantawa. Da ta ba su aikin rubutu shafi goma, Rakoda ya zauna ya zuba mata littafinta kalma da kalma, ko buɗe shi bai yi ba. A ganinsa iyakar girmamawa ke nan.

Ta kira shi ofis, ta ajiye takardun a gabansa ta ce, "Wannan a wurinmu sata ce."

Tunda yake ba a taɓa danganta shi da sata ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, da ka na rubuta." Ta buɗe wani shafi ta ce ya karanto, ya karanto mata da ka har ƙasa. Ta jinjina kai, amma ba ta sauko ba. Sati biyu ta ba shi ya kawo tunaninsa na kansa, in ba haka ba maganar ta tafi gaban kwamiti, gurbin karatun kuma ya tashi.

Dogo, abokin ɗakinsa da ya riga shi zuwa da shekara uku, dariya ya yi masa. "Ai a nan gardama suke so ka yi musu."

"In yi wa malamata gardama? Sa'ar kakata ce fa."

"To fara haɗa jakarka, ni dama ina son teburin nan."

Kwana biyar yana fama. Duk jimlar da ya fara, kafin ya kai ƙarshenta ta koma ta Farfesa. A rana ta shida, yana cikin wanke faranti, shafi na tamanin da bakwai ya faɗo masa a rai, inda ta ce masu haƙar rijiya da hannu cinke kawai suke yi wajen zaɓen wuri. Ya tsaya da soso a hannu. Shi ma ya kwafe wannan maganar da hannunsa, bai ko ji ta ba. Kunya ta rufe shi.

Babansa bai taɓa cinke ba. Sai ya kwana uku yana zagaya fili, yana duba itacen da bai zubar da ganye da rani ba, yana duba suri, ya damƙi ƙasa ya matse ya shinshina. Rijiya arba'in da wani abu ya haƙa, biyu kaɗai suka ƙi ruwa.

Rakoda ya kira shi a waya, Baba yana bayani yana rubutawa, har kwana huɗu. Sannan ya rubuta layin farko: littafin ya yi kuskure a shafi na tamanin da bakwai.

Farfesa ta karanta a gabansa, shi kuwa kansa na ƙasa. Da ta gama ta ce, "Wa ya koya maka wannan?"

"Babana."

"Ka ci. Amma ka sa sunansa a jerin masanan da ke ƙarshe. Ba a ɗaukar maganar mutum haka nan, ko da ta uba ce."

Da ya ba Baba labari a waya, faɗa ya fara sha. "Ka ce wa malamarka ta yi kuskure? Haka na yi maka tarbiyya? Gobe ka je ka ba ta haƙuri."

"To, Baba."

Can Baba ya gyara murya ya ce, "Ka ce sunana na cikin takardar?"

"Yana ciki, kusa da nata."

"To karanto mini abin da na ce."

Takardar na cikin jaka, Rakoda bai ciro ta ba. Ya rufe ido ya maido wa Baba maganarsa kalma da kalma, har da inda ya tsaya ya yi tari.