Farar takardar da na ɗauka albishir

Ko zan manta da komai na shekarata ta farko a bakin aiki, ba zan manta da makonni ukun da na yi ina murna da farar takarda ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Wata ƙaramar likita, wato ɗan asibiti, aka tura ni a wani ƙauye cikin kwarin Buza, ina sabuwar ma'aikaciya, ga rawar kai. Majon da na tarar, wato shugaban likitar, dattijo ne mai faɗan tsiya, amma babu yaron da bai san uwarsa da ƙofar gidansu ba. Shi da kansa ya haɗa wani tablo, wato jadawali, na Excel inda muke rubuta yara masu tamowa da ake kawowa awo duk mako. A saman tablon akwai wani koren maɓalli. In aka danna shi ranar Litinin, sai ya jero sunayen yaran da ba a kawo ba, mu kuma mu bi su har gida. Ɗan umarnin da ke aiki a bayan maɓallin shi ake kira makaro, amma ni a lokacin ko sunansa ban damu da sani ba.

Da damina ta faɗi, sai ɓarin jikin majo ya shanye, aka mai da shi gida Madawa. A watan nan kuma aka kawo mana sabuwar ordinatar, wato kwamfuta, aka kwafe tablon a cikinta, aka ja mana kunne sosai cewa kada mu yarda da kowane saƙon da ya fito, don ta nan cuta ke shiga na'ura. To ni da tsoro. Duk lokacin da na buɗe tablon sai wani rawayan layi ya fito a sama yana cewa an dakatar da makaro, ni kuwa in yi maza in rufe shi. Sai in danna koren maɓalli, shafin sunaye ya tsaya fari fat. Na ce alhamdu lillahi, kowa na zuwa awo! Har yabon kaina nake yi. A tsakiyar noma fa, lokacin da mata ke wuni gona, amma hankalina bai ba ni komai ba.

Wata safiya wata tsohuwa ta sauko daga amalanke da jikanta a goye. Ƙafafunsa sun kumbura, ko kuka ba ya iyawa. Ta dube ni ba tare da fushi ba ta ce, “Ɗiyata, uwatai na kwance, ni ko ba ni da ƙahwa. Da dattijon nan na nan, da tuni ya aiko a gani mi ya hana mu zuwa.”

Na buɗe rajista na bi da yatsa. Awo uku yaron bai zo ba. Muka tura shi babban asibiti, ni kuma na ɗaure ordinatar a zane na hau babur sai Madawa.

Na iske majo zaune kan tabarma, bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa na fita da ƙyar. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Na zaci zai yi mini faɗan da ya saba, sai kawai ya ce, “Matso nan.” Ya riƙa nuna mini da hannunsa mai lafiya har muka shiga wurin saitin tsaron makaro. Da na ga zaɓin da ke buɗe wa kowane makaro hanya, na kai hannu da sauri. Ya buge mini yatsa.

“A'a! Jiya kin rufe ma kowa, yau kuma za ki buɗe ma kowa? Bar shi shi dinga tambayarki. Wanga da kin ka san wanda ya yi shi, shi ɗai za ki ba hanya.”

Muka bar saitin a kan dakatarwa tare da sanarwa, muka ware wa tablon nasa wurin ajiya amintacce. Na danna koren maɓalli. Sunaye bakwai suka fito.

Majo ya matso da fuskarsa yana karantawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan gidansu na bayan rijiya, wannan ubansa ya tafi cirani, wannan sai an lallashi kakarta. Mutumin da ba ya iya ɗaga hannunsa ɗaya, amma yaran nan duk suna cikin kansa. Nan kuka ya ƙwace mini. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce a hankali, “Ya isa hakanan, ɗiyata. Tashi ki tahi, suna jiran ki.”

Kwana biyu muka yi muna bin gidaje, muka same su duka. Jikan tsohuwa ya daɗe a asibiti, amma Allah ya tashe shi. Ranar da aka dawo da shi awo, ni da kaina na ɗora shi a sikeli.

Abin da na koya shi ne tsoro ba ya maye gurbin sani. Na rufe saƙon da ban fahimta ba don kada in yi ɓarna, alhali tambaya ɗaya ta ishe ni. Tun daga ranar, duk labarin da ya yi mini daɗi da yawa a wurin aiki, sai na tashi na je na gani da idona.