Katin Kawuna a Aljihuna

Shekarun baya, lokacin ina da shagon kayan mota a unguwar Gudu da ke Abuja, wani abokina ya fito neman kujerar majalisar wakilai ta tarayya. Tare muka taso a Abaji. A mazaɓarmu akwai wata fahimta ta baka tsakanin dattawa, cewa kujerar karɓa-karɓa ake yi, tana zagaya ƙananan hukumomi. A wannan karon layi ya zo kan Abaji. Sai ga wani mai ƙumbar susa daga maƙwabciyar ƙaramar hukuma ya ce shi bai san da wannan magana ba, ya sayi fom. In muka faɗi zaɓen fidda gwani, kujerar ta wuce mu ke nan, sai wani zagayen.

Abokina ya ɗora ni a kan daliget, wato wakilan da za su jefa ƙuri'a. Ni da ko shugaban aji ban taɓa yi ba, na wayi gari ana ce mini oga. Kai, na ji daɗin sunan nan. Amma aikin ya lalata mini zuciya. Duk wanda ya yi mini dariya sai na ce an saye shi, wanda ya ɗaure fuska na ce ya riga ya tafi. In daliget ya ce "Allah ya ba mai rabo sa'a," sai na yini ina juya maganar. Matata har cewa ta yi saura ita na fara bin sawunta.

A cikin daliget ɗin akwai kawuna, ƙanin mahaifiyata, manomin doya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Shi ne dattijon mazaɓarsu, su biyar ne daga can.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina bakin shago, sai ga wata baƙar jif ta tsaya a tsallaken titi. Na san motar, ta abokin hamayyarmu ce. Aka buɗe ƙofa, kawuna ya sauko. Mutumin da kansa ya fito, ya durƙusa, ya riƙe hannun Kawu da hannu biyu.

Kawu ya tsallako, ya zauna a bencina, ya nemi ruwa.

"Kawu, daga ina haka?"

"Wata 'yar gaisuwa na je."

"Gaisuwa a gidan wa?"

Ya dube ni ta saman kofi. "Ɗan nan, yaushe ka fara tambayata inda na je?"

A raina na gama yanke hukunci: an saye shi. Ko abokina ban gaya wa ba, don kunya nake ji a ce ɓarakar daga gidanmu ta fito.

Yadda ake yi a lokacin, kowane ɗan takara mutanensa ke karɓo katunan shiga na daliget ɗinsa su riƙe, sai a bakin ƙofar wurin zaɓe a raba. Ba kati, ba shiga. Na ɓangarenmu duk suna hannuna. Da safiyar zaɓe na zare na Kawu na sa a aljihun ciki. Lissafina shi ne, gara ƙuri'ar ta mutu da ta tafi can. Har ina yaba wa kaina wayo.

Na raba wa kowa, aka zo kan Kawu, na hau lalube jaka.

"Kawu, naka ban gani ba. Ina jin daga ofishin jam'iyya aka yi kuskure. Bari na bincika."

Ya je gindin wata bishiyar mangwaro ya shimfiɗa ɗan buzunsa ya zauna.

Abin da na manta, ni da na shekara goma sha a Abuja ina ganin na waye, shi ne mutanen ƙauyenmu ba sa shiga taro su bar babbansu a waje. Sauran huɗun suka bi shi gindin mangwaro, katunansu a hannu. Na je ina lallashi.

"Ku shiga mana, lokaci na tafiya!"

Ɗayansu ya ce, "Mu shiga mu bar Baba a rana? A gaya wa wa?"

In na fito da katin, na tona wa kaina asiri a gaban mutumin da ya raine ni. In na bari, ƙuri'a biyar sun tafi. Sai shaiɗan ya ba ni mafita: ai duk inda Kawu ya karkata nan za su bi, ashe ƙuri'a biyar na hana abokin hamayya. Na koma ciki, aka rufe ƙofa.

Ƙato bayan ƙato aka yi, kowa ya tsaya a bayan hoton gwaninsa. Da aka ƙirga, mun faɗi da ƙuri'a uku.

Na fito. Su Kawu suna nan inda na bar su. Ɗaya daga cikin huɗun ya ja ni gefe, ransa a ɓace, yana zagin ofishin jam'iyya.

"Sun cuce mu. Baba da ya tako har Abuja ranar Juma'a don kawai ya gaya wa mutumin can ido da ido cewa kada ya sa rai da mu."

Na ce, "Me ka ce?"

"Ai mutumin ya zo har gida ya gaishe da Baba. Ka san Baba, wanda ya taka ƙofarsa ba ya barinsa da zato. Ya je ya ce masa layin Abaji ne, ya yi haƙuri."

Na san wannan al'ada. A gidan na girma. Sau nawa na ga Kawu ya sa hula ya tafi ba mutum haƙuri a kan abin da bai kai wannan ba? Amma wata biyu a siyasa sun sa na karanta ta a matsayin cin amana.

Bayan kwana biyu na je wurin abokina na faɗa masa komai. Ya ce Allah bai nufa ba. Muna gaisawa har yau, amma bai sake neman shawarata a kan ko sayen taya ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Kawu ne ban iya tunkara ba sai da aka yi wata guda. Na durƙusa na fara magana, ya ɗaga hannu.

"Na ga lokacin da ka sa shi a aljihu."

"To me ya sa ba ka yi magana ba, Kawu?"

"In ce ɗan 'yar'uwata maƙaryaci ne a gaban jama'a?"

Ya yafe mini, na sani. Abin da na koya bai wuce wannan ba: zargi na sa mutum ya manta wanda ya sani tun yana yaro. Amma har ya bar duniya, duk ranar da na je Abaji, in zai fita sai ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Ɗan nan, gona zan je. Na ce bari na gaya maka." Ba da fushi yake faɗa ba.